Shafin shiga yana buɗewa, amma da an sa kalmar sirri sai kuskure na 500: neman shawara kan Exchange 2016

Baban Ummi:
Assalamu alaikum. Ina neman shawarar waɗanda suka daɗe suna kula da Exchange, manhajar Microsoft ta tafiyar da imel ɗin kamfani, a cikinmu. Kamfanin da nake yi wa aiki yana da sabar guda ɗaya ta Exchange 2016 a kan Windows Server 2016, wadda wani ɗan kwangila ya kafa a 2019, kuma tun daga lokacin a cikin ofis kaɗai ma'aikata suke karanta imel, ta manhajar Outlook. Yanzu da aka buɗe rassa a wasu garuruwa, shugabanninmu suka ce a ba kowa damar shiga akwatinsa ta burauza daga duk inda yake. Kafin in buɗe komai na ɗaga sabar ɗin zuwa babbar sabuntawa ta CU23, na ɗora facin tsaro na ƙarshe da na samu, na sayi satifiket, wato shaidar da ke tabbatar wa burauza cewa shafin namu ne, mai ɗauke da sunayen mail da autodiscover na kamfanin, na ɗaura shi a IIS, manhajar Windows da ke riƙe shafukan yanar gizo, na saita adireshin waje na OWA, shafin karanta imel ta burauza, sannan na tura ƙofa ta 443 daga katangar tsaro zuwa sabar ɗin.

Shafin shiga yana buɗewa lafiya lau, burauza ba ta yin ƙorafi kan satifiket. Amma da mutum ya rubuta sunansa da kalmar sirri ya danna shiga, sai kuskure na 500 ya fito, wato saƙon da ke cewa sabar ta sami matsala a cikinta. Shafin gudanarwa na ECP ma haka yake yi. Outlook a kwamfutocin ofis kuwa yana aiki kamar kullum, saƙo na shiga yana fita. Na sake kunna sabar ɗin, babu abin da ya canja. Daga ina ya kamata in fara?

Ɗan Zariya:
Wa alaikumus salam. Baban Ummi, irin wannan yakan faru idan kundin OWA da ke cikin IIS ya lalace lokacin ɗagawa. Shawarata ita ce ka goge shi da Remove-OwaVirtualDirectory, ka sake ƙirƙiro shi da New-OwaVirtualDirectory, ka yi wa na ECP haka, sannan ka yi iisreset, wato ka sake kunna IIS. Wannan hanyar ta sha fid da ni kunya.

Injiniya Dattijo:
Wa alaikumus salam wa rahmatullah. Ɗan Zariya, ban ce hanyarka ba ta taɓa yin aiki ba, amma ina roƙon Baban Ummi ya dakata da ita tukuna, domin idan ya goge kundin zai rasa saitin da ya riga ya yi, kuma idan matsalar ba a can take ba, zai wayi gari da abu biyu da zai gyara maimakon ɗaya. Bayanin da ya bayar ya riga ya rage mana hanyoyi da yawa, in muka karanta shi da kyau.

Tun daga Exchange 2013, IIS yana ɗauke da shafuka biyu. Na farko shi ne Default Web Site, mai sauraro a ƙofa ta 80 da ta 443, na biyu kuma Exchange Back End, mai sauraro a 81 da 444. Na farkon kamar zaure ne, shi ke karɓar baƙo ya tambaye shi ko wane ne, na biyun kuma shi ne cikin gida inda ainihin akwatin yake. Tunda shafin shiga yana buɗewa daga waje ba tare da gargaɗi ba, to DNS (mai haɗa sunan shafi da adireshinsa) da katangar tsaro da sabon satifiket ɗin duk sun yi aikinsu, kada ka sake taɓa su. Tunda Outlook na aiki, to hanyar da ke tsakanin shafukan biyu ma a buɗe take, domin a Exchange 2016 shi ma Outlook ta IIS yake bi, kuma rumbun akwatunan yana tsaye, in ba haka ba da ma'aikata sun cika ka da kira. Abin da ya rage shi ne abin da OWA da ECP suka yi tarayya a kansa a daidai lokacin da ake tantance mai shiga.

Lambar kuskuren ma tana da ma'ana. Da 503 kake gani, da na ce ka duba MSExchangeOWAAppPool, wato ɓangaren IIS da OWA ke gudana a cikinsa, ko ya tsaya, domin IIS yakan dakatar da shi da kansa idan ya faɗi sau biyar cikin minti biyar. Da 500.19 ce, da fayil ɗin web.config za mu nufa. Ka yi mana abu biyu. Ka gwada shiga daga kan sabar ɗin kanta ta https://localhost/owa, sannan ka buɗe Event Viewer, sashen Application, ka kawo mana abin da aka rubuta a daidai mintin da ka danna shiga.

Maman Sadiq:
Ina da tambaya guda kafin ya dawo da wannan. Baban Ummi, facin tsaron da ka ɗora, fayil ɗin .exe ne ko .msp? Ina tambaya ne saboda tsofaffin facin sukan zo a .msp, kuma wanda ya danna shi sau biyu kawai, ba tare da ya buɗe shi daga tagar umarni mai cikakken ikon mai gudanarwa ba, zai ga kamar an gama lafiya, alhali wasu fayilolin OWA da ECP ba su sabunta ba. Alamarsa takan zama shafi ba hotuna, ko kuskure mai cewa an kasa loda wani fayil. Maganinsa shi ne a sake ɗora facin yadda ya kamata, sannan a gudanar da UpdateCas.ps1 da UpdateConfigFiles.ps1 waɗanda ke cikin foldar Bin ta Exchange. Tun daga watan Mayu na 2022 ake fitar da facin a .exe mai neman ikon da kansa, shi ya sa wannan matsalar ta yi sauƙi, amma gara mu tabbatar.

Baban Ummi:
Na gode ƙwarai. Hajiya, .exe ne, kuma ya nemi izini kafin ya fara. Injiniya, daga kan sabar ɗin ma kuskuren iri ɗaya ne, sai dai a can shafin ya nuna ƙarin rubutu. Ga layin da ya fi ɗaukar hankalina, kuma shi ne ke maimaituwa a Event Viewer duk lokacin da na gwada:

ASSERT: HMACProvider.GetCertificates:protectionCertificates.Length<1

Na ga kalmar satifiket a ciki, shi ya sa na koma na duba wanda na saya, amma ranarsa da saura, kuma sunayen da ke jikinsa daidai suke.

Injiniya Dattijo:
Alhamdu lillahi, wannan layin ya gama mana binciken. Ba satifiket ɗin da ka saya ake nufi ba. Lokacin da aka kafa Exchange, yakan ƙirƙiri wani satifiket nasa na cikin gida mai suna Microsoft Exchange Server Auth Certificate, wanda wa'adinsa shekara biyar ne. Asalin aikinsa shi ne tantancewa tsakanin sabar da sabar ta tsarin OAuth, don haka a kamfani mai sabar ɗaya yana iya mutuwa babu wanda ya sani. Daga facin tsaro na watan Yuli na 2021 kuwa, OWA da ECP sun dogara da shi wajen kare bayanan zaman wanda ya shiga ta burauza, kuma idan suka neme shi suka tarar ya mutu ko babu shi, sai su tsaya da kuskure na 500 bayan an karɓi kalmar sirri. Layin da ka kawo yana cewa ne an ƙirga satifiket masu inganci an samu bai kai ɗaya ba. Sabar ɗinku a shekarar 2019 aka kafa ta, ka ga wa'adinsa ya cika tun 2024, sai dai ba wanda ke shiga ta burauza balle a lura.

Ka tabbatar da idonka kafin ka gyara. A cikin Exchange Management Shell ka rubuta:

(Get-AuthConfig).CurrentCertificateThumbprint | Get-ExchangeCertificate | Format-List

Ka duba layin NotAfter. Idan ranar ta wuce, ko umarnin ya ce bai sami satifiket ɗin ba sam, to sai ka ƙirƙiri sabo:

New-ExchangeCertificate -KeySize 2048 -PrivateKeyExportable $true -SubjectName "cn=Microsoft Exchange Server Auth Certificate" -FriendlyName "Microsoft Exchange Server Auth Certificate" -DomainName @()

A nan ka natsu sosai. Zai tambaye ka ko a maye gurbin satifiket ɗin SMTP, wato na hanyar aika imel, da wannan sabon, ka amsa da N, domin ba aikinsa ba ke nan. Bayan haka zai nuna doguwar lambar shaidarsa, ka kwafe ta, ka sa ta a Set-AuthConfig -NewCertificateThumbprint tare da -NewCertificateEffectiveDate (Get-Date). Zai yi gargaɗi cewa ranar fara aikin ta yi kusa, ka amince, tunda tsohon ya riga ya mutu kuma sabar ɗaya gare ku. Sai Set-AuthConfig -PublishCertificate, sai Set-AuthConfig -ClearPreviousCertificate. Daga ƙarshe ka sake kunna sabis ɗin Microsoft Exchange Service Host, sannan ka yi iisreset bayan an tashi aiki, domin zai katse Outlook na ɗan lokaci.

Bakatsine:
Ku gafarce ni in shigo da tawa, ko da yake kamar ta bambanta. A wurinmu Exchange 2019 ne. Wanda yake taya mu aiki ya share satifiket ɗin da ya ga ba a saya ba, yana ganin tarkace ne, kuma tun daga nan idan an shiga OWA sai farin shafi kawai, ba rubutu ba kuskure. Outlook ya yanke, kuma Exchange Management Shell ɗin ma ya ƙi haɗuwa, don haka umarnin da Injiniya ya bayar ma ban sami inda zan rubuta shi ba.

Maman Sadiq:
Malam Bakatsine, taka ita ce wadda Injiniya ya cire daga lissafin Baban Ummi, wato hanyar da ke tsakanin shafukan biyu. Ka buɗe IIS Manager, ka zaɓi Exchange Back End, ka shiga Bindings, ka buɗe layin https na ƙofa ta 444. Ina kyautata zaton za ka tarar da gurbin satifiket ɗin babu komai, kuma a sashen System na Event Viewer za ka ga kuskure mai lamba 15021 daga HttpEvent yana ambaton 0.0.0.0:444. Wanda ya kamata ya zauna a wurin shi ne mai suna Microsoft Exchange, wanda sabar ta sa wa hannu da kanta. Tunda an share shi, ka zaɓi wanda kuka saya ya riƙe wurin na wucin gadi, ka yi iisreset, Shell ɗin zai dawo, sannan ka ƙirƙiri sabo da New-ExchangeCertificate ka mayar da shi gurbinsa. In ya dawo, ka gudanar da umarnin Get-AuthConfig ɗin ma, domin mai sharar da ya ɗauke wancan da wuya ya bar na Auth.

Baban Ummi:
Injiniya, ranar da ke NotAfter ta 2024 ce kamar yadda ka faɗa. Na bi matakan ɗaya bayan ɗaya, babu wanda ya ba da kuskure, kuma Get-AuthConfig yana nuna sabuwar lambar. Amma har yanzu 500 ɗin nan ce, da layin HMACProvider iri ɗaya.

Ɗan Zariya:
To ko ka gwada mayar da agogon sabar ɗin baya zuwa lokacin da tsohon yake da rai, ka ga ko za a shiga? Aƙalla za ka san inda matsalar take.

Injiniya Dattijo:
A'a Ɗan Zariya, wannan kada a yi shi ko da gwaji ne. Kerberos, tsarin tantancewa na Windows, ba ya yarda da bambancin agogo fiye da minti biyar tsakanin sabar da Domain Controller, kwamfutar da ke riƙe asusun ma'aikata, don haka da ya mayar da agogon, Exchange zai rasa hanyarsa zuwa Active Directory, kundin asusun, Outlook ɗin da ke aiki yanzu ma ya tsaya, ga kuma saƙonni da za su shiga rumbu da ranar da ba tasu ba.

Baban Ummi, abin da ya rage maka shi ne jira, kada ka sake ƙirƙirar wani satifiket. Microsoft da kansu sun rubuta cewa sabon kan ɗauki lokaci kafin ya fara aiki, kuma masu kula da sabar da yawa sun lura cewa a ƙasashen da agogonsu ke gaba da agogon duniya na UTC, jiran yakan yi daidai da tazarar agogon. Mu a Najeriya da Nijar awa ɗaya muke gaba. Ka bar ta ta haura awa guda, sannan ka yi Restart-WebAppPool MSExchangeOWAAppPool, ka yi wa MSExchangeECPAppPool haka, ka gwada a sabuwar tagar burauza wadda ba ta riƙe da tsofaffin bayanan shiga. Mutane da yawa a wannan gaɓar suke ƙosawa su shiga goge-goge, daga baya abin ya tashi da kansa su ɗauka gogewar ce ta yi magani, kuma ina zargin daga nan shawarar goge kundin ta samo farin jininta.

Baban Ummi:
Alhamdu lillahi, an shiga. Na jira kamar yadda ka ce, na sake kunna biyun, akwatina ya buɗe, ECP ma ya buɗe. Na sa wani abokin aiki da ke reshe ya gwada da wayarsa, shi ma ya ga saƙonninsa. Allah ya saka da alheri. Gobe in sha Allahu zan tura wa ma'aikata adireshin.

Maman Sadiq:
Madalla. Amma ina roƙonka ka jinkirta tura adireshin, domin akwai maganar da ta fi kuskure na 500 nauyi, kuma ba zan ji daɗi ba in muka taya ka buɗe ƙofar muka yi shiru a kanta. Microsoft sun daina tallafa wa Exchange 2016 da 2019 a ranar 14 ga Oktoba 2025. Ma'anarsa, ramin da aka gano bayan wannan ranar, ba ka da tabbacin samun facinsa. Duk wanda ke wannan aikin a watan Maris na 2021 ya san abin da harin ProxyLogon ya yi: maharan sun shiga dubban sabar a faɗin duniya ta ƙofa ta 443 ɗin nan da ka buɗe, ba tare da kalmar sirrin kowa ba, suka ajiye ƙananan fayilolin .aspx a wurare irin su foldar aspnet_client, waɗanda suke dawowa ta cikinsu ko bayan an ɗora faci. A watan Agusta na shekarar wani harin mai suna ProxyShell ya biyo baya. Sabar ɗinku ta tsira ne a lokacin saboda ba ta fuskantar intanet. Ƙari a kan haka, shafin shiga na OWA sunan mutum da kalmar sirri kawai yake tambaya, babu mataki na biyu, kuma mun san irin kalmar sirrin da ma'aikata ke zaɓa idan ba a matsa musu ba. A ganina ko dai rassan su shigo ta VPN, wato amintacciyar hanyar shiga cibiyar sadarwar ofis daga nesa, ko a fara shirin ƙaura zuwa Microsoft 365, inda imel zai zauna a girgije, wato a sabar Microsoft.

Ɗan Zariya:
Hajiya, maganar haɗarin gaskiya ce, amma ƙaurar da kike faɗa ba kowane kamfani ne zai iya ɗaukarta ba. Kuɗin wata-wata ne a kan kowane ma'aikaci, kuma farashin yana bin dala, wanda ya ga yadda naira ta yi tun 2023 ya san yadda shugabannin kamfani za su kalli wannan lissafin. Sannan idan layin intanet na ofis ya yanke, sabar da ke cikin gida tana ci gaba da kai saƙo daga tebur zuwa tebur. VPN kuma, ka ba direba ko ma'ajin sito a reshe ka ce ya riƙa kunna shi a waya kafin ya karanta saƙo, kai za ka koma mai amsa kira dare da rana.

Maman Sadiq:
Lissafin ba ya cika sai an sa kuɗin man janareta, da batirin inbata, da na'urar sanyaya ɗakin sabar, da faifan ajiya, da kuma ranar da wuta za ta ɗauke ana tsakiyar rubutu a rumbu, ya ƙi hawa, a kwana ana gyaransa da eseutil. Ban ce dole sai girgije ba, abin da na ƙi shi ne a bar manhajar da wa'adinta ya ƙare tana kallon duniya kai tsaye.

Injiniya Dattijo:
Ku biyun kowa na da hujja, amma a kan ainihin batun ina tare da Maman Sadiq. Wanda yake son ya riƙe imel ɗinsa a cikin gida yana da hanya, ita ce Exchange Server Subscription Edition da ya fito a watan Yuli na 2025. Mai 2019 da ke kan CU14 ko CU15, irin su Malam Bakatsine, yana iya ɗagawa a kan sabar ɗin da yake da ita. Mai 2016 kuwa sai ya kafa sabuwar sabar a gefen tsohuwar, ya kwashe akwatunan, sannan ya sauke tsohuwar. Wannan aiki ne na kasafi, kuma shugabannin kamfani ne za su yanke, amma aikinka ne, Baban Ummi, ka rubuta musu shi a takarda da ranar da tallafin ya ƙare, domin su san abin da suke amincewa da shi.

Kafin nan, in har dole sai an buɗe, ka rufe ECP daga waje yadda sai adireshin cikin ofis ne kaɗai zai kai gare shi, ka saukar da HealthChecker.ps1 na Microsoft ka gyara duk abin da ya nuna da ja, ka kuma kunna ƙarin kariyar shiga mai suna Extended Protection, wanda a 2016 ba ya kunna kansa. Idan daga baya kuka sa wata na'ura a gaba tana karɓar haɗin kafin ya iso Exchange, ku tuna cewa Extended Protection ba ya jituwa da na'urar da ke kwance ɓoyon HTTPS ta tura shi a buɗe, kuma satifiket ɗin da ke kanta dole ya zama shi ne ke kan IIS. In aka saɓa wannan, alamar ba 500 ba ce, Outlook ne zai yi ta tambayar kalmar sirri ba ƙarewa.

Bakatsine:
Hajiya, gurbin 444 ɗin babu komai kamar yadda kika ce. Na cike shi, Outlook da Shell sun dawo. Na Auth ɗin ma an share shi, yanzu nake bin matakan Injiniya, zan jira awa ɗayan kafin in gwada.

Baban Ummi:
Na rufe turawar 443 a katangar tsaro tun daren jiya, OWA yana aiki a cikin ofis kawai. Na rubuta wa manajanmu takardar, na sa zaɓi biyun da kuɗin kowanne, na kuma nemi a amince wa rassa su yi amfani da VPN ɗin da katangar tsaronmu ke da shi kafin a yanke shawara. HealthChecker ya nuna ja a kan tsofaffin sigogin ɓoye saƙo na TLS 1.0 da 1.1 da har yanzu suke kunne. Injiniya, akwai tsofaffin na'urorin sikana guda biyu a ofis da ke tura takardu ta imel, ina tsoron in na kashe sigogin nan su daina aiki. Ta yaya zan gane irin TLS ɗin da suke amfani da shi kafin in taɓa?

Injiniya Dattijo:
Ka kunna rajistar SMTP a kan mahaɗin da suke shigowa ta kansa, da Set-ReceiveConnector tare da -ProtocolLoggingLevel Verbose, ka sa a tura takarda ɗaya daga kowace na'ura, sannan ka nemi adireshinta a fayilolin foldar SmtpReceive. Layin da ke bayan STARTTLS zai faɗa maka sigar da aka yi amfani da ita. Ka kawo mana abin da ka gani.